Igiyoyin Rufin Kyaftin

Kyaftin ake ce masa, ko da yake jirgin da ya tuƙa duk tsawon ƙarfinsa ɗan jirgin fito ne, mai kwasar mutane da awaki da buhunan siminti daga bakin kasuwa zuwa tsibirin da ake hangowa da ido. Abokai ne suka laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuma ya karɓe shi hannu bibbiyu, har matarsa ta gaji da dariya ta koma kiransa da shi. Amma a faɗi gaskiya, mutumin ya san ruwan garinsu. Ya san cewa daga watan Yuni teku yakan ɗauki ɗumi, sama ta fara haɗa rai, kuma tun daga nan har ƙarshen Nuwamba ba mai hankalin da zai saki jiki da ruwa. Bayan nan kuwa, in ji shi, guguwa ta mutu sai baɗi, ko jariri ka sa a ƙwarya zai kai tsibiri lafiya.

Kowane gida a layinsu yana ɗaure rufinsa idan lokacin ya zo. Ana jefa igiyoyi masu kauri ta kan kwanon, a jawo su ƙasa ta kowane gefe, a ɗaure a jikin ƙarafan da aka kafa cikin siminti, sannan a buga katako a tagogi. Kowa yana yi, sai dai a idon Kyaftin kowa wasa yake yi. Maƙwabcinsa Kafinta ya fi kowa shan baƙar magana, don duk shekara sai ya leƙa ta kan katanga ya ce masa wannan ƙullin ko akuya ba zai riƙe ba. Shi kaɗai yake hawa nasa rufin, har shekarar da tsani ya zame da shi, gwiwarsa ta hagu ta tashi daga aiki. Tun daga ranar mutum ɗaya tak ya yarda ya taɓa masa igiya, wato Auta.

Auta shi ne namiji tilo a cikin 'ya'yansa, yayyensa mata duk aure ya kai su garuruwa masu nisa da ruwa. A shekarar da uban ya faɗi, a ita ya sami aikin makanike a ɗakin injin wani ƙaton jirgin dakon kaya, irin aikin da ake rabin shekara a teku, rabi a gida. Kyaftin ya zaunar da shi ya kafa masa doka guda: hutunsa ya riƙa faɗowa a watannin guguwa. Ya zauna a tudu har ta wuce, ya koma bakin aiki lokacin da ruwa ya kwanta. Auta ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, uban ya ɗaga masa hannu ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Auta ya dubi gwiwar da ke naɗe da bandeji, ya ce to, Baba.

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, ranar kwance igiya ta bana ma ba ta sake zani ba. Da hantsi Auta yana kan rufi, Kyaftin yana ƙasa a kujerar roba da sandarsa, yana ba da umarnin da ba wanda yake bukata.

"Ta gabas za ka fara. Ka naɗe ta da kyau, kada ka jefo min ita kamar hanjin kaza."

"Baba, ni na ɗaura ta fa."

"Ni kuma na koya maka."

Inna, matar Kyaftin, ta leƙo daga kicin tana goge hannu da gefen zani. Ta ce, "Kyaftin, ka bar yaro ya yi aikinsa. Jibi zai tafi, faɗa ne guzurin da za ka ba shi?"

"Guzurinsa ai ya wuce wannan. Ya tambayi abokan aikinsa ko akwai wanda ubansa ya zaɓar masa wata kamar yadda na zaɓar masa."

Auta ya ci gaba da naɗe igiyarsa a sama. Matarsa, wadda tela ce, tana zaune a baranda da keken ɗinkinta, ƙafarta ta tsaya cak a kan feda, sannan ta ci gaba. Kyaftin ya gani, amma ya ɗauka kewar miji ce ta fara tun kafin ya tafi.

Da igiya ta ƙarshe ta shiga ɗakin ajiya, damuwar Kyaftin ma ta bi ta. Haka yake yi kowace shekara. A watannin guguwa yakan daɗe a kan darduma yana roƙa wa mutanen da ke kan ruwa tsari, masunta da matuƙa da waɗanda bai sani ba, yana kuma gode wa Allah da nasa ɗan yake kwance a ɗakin baya. Da Disamba ta shigo sai ya taƙaita addu'ar, ya yi barcinsa har da minshari. A teburin mai shayi kuwa an haddace maganarsa, har yara suna kwaikwayonsa a bayan idonsa: ɗana ya zagaye duniya, amma bai taɓa ganin guguwa daga kan jirgi ba, saboda yana da uba.

Wajen ƙarshen Janairu keken ɗinkin ya yi shiru. Kyaftin ya saba da ƙararsa kamar yadda ya saba da tarin Inna, saboda haka shirun ya fi ƙarar damunsa. Rana ta farko ya ƙyale. Rana ta gaba da azahar ya dogara sanda ya fita baranda, ya tarar da surukarsa zaune, rigar wata mata rabi a ɗinke tana ƙarƙashin allura, ita kuma ta ƙura wa wayarta ido. Da ta gan shi ta yi sauri ta kife wayar, ta zame daga kujera ta gaishe shi.

"'Yata, keken ne ya lalace?"

"A'a, Baba."

"To ke ce ba lafiya?"

"Lafiyata lau."

"Ruwa ba ya tsami banza. Faɗa min."

Ta sunkuyar da kai, hawaye ya ɗiga a kan rigar mutane. Ta ce, "Baba, jirginsu ne. Kamfanin sun kira ni shekaranjiya. Sun ce guguwa ta bi ta kansu, tun daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba."

Kyaftin ya kusa yin dariya, don ya ji sanyi a ransa. Ya ce, "Guguwa a Janairu? Wanda ya gaya miki haka ko kwale-kwale bai taɓa shiga ba. Ƙila na'urarsu ce ta sami matsala. Share hawayenki."

"Ba a tekunmu suke ba, Baba. Can kudu jirgin yake aiki, ƙasa da layin da ya raba duniya biyu. Su yanzu ne lokacinsu."

"Lokacin me?"

"Na guguwa. In tamu ta ƙare, tasu take farawa."

Ya daɗe yana kallonta. Wata kaza ta ratsa tsakar gida, Inna tana ƙwanƙwasa tukunya a kicin, komai yana nan yadda yake. Ya ce, "Tun yaushe aka mai da su can?"

"Ba mai da su aka yi ba. Tun da ya fara aikin, can suke." Ta share ido da bayan hannu. "Watannin nan kowa gudunsu yake yi, shi yake roƙon a ba shi, don hutunsa ya dace da ɗaurin rufi. Ya ce kada in faɗa. Ya ce in kun sani za ku hana shi zuwa, kuma ya san ba za ku bar wani ya hau ba, ku za ku hau tsanin da kanku."

Bai yarda ba, ko kuma bai so ya yarda ba. Ya sa hularsa ya kama hanyar tashar jiragen ruwa, yana ɗingishi yana faɗa da surukarsa a zuci. Ofishin hasashen yanayi yana saman wani tsohon gini, kusa da sandar da ake ɗaga jar tuta idan guguwa ta tunkaro. Ya hau matakalar da ƙyar. Ma'aikaciyar da ya tarar mai gilashi ce, tana ƙarama ya sha tsallakar da ita zuwa makaranta, ta miƙe ta ba shi kujera tana cewa Baba Kyaftin, yau kai ne a ofishinmu.

Ya ce, "Tambaya na zo yi, kada ki ji nauyina. Akwai inda ake guguwa yanzu a duniya?"

Ta ɗauko ƙwallon taswirar duniya daga kan kabad, ta busa ƙurar da ke kansa, ta ajiye a gabansa. Ta nuna masa inda suke, sannan ta ja yatsa ƙasa, ta wuce layin tsakiya, ta tsaya a kan wani shuɗi mai faɗi.

"Guguwa abincinta ruwan ɗumi ne, Baba, wannan kai ka fi ni sani. A tsakiyar shekara rana tana kanmu, ruwanmu ya yi zafi. Da ta karkata kudu, namu ya huce, nasu ya ɗauka. Kamar a janye itace daga wannan murhu a tura a wancan."

"Wato ba mutuwa take yi ba."

"Kowane teku yana haifar tasa, amma lokacin ne yake ƙaura. Akwai tekun da nasa yake zuwa sau biyu a shekara. Akwai ma wanda kusan ba ya hutu."

Ta juyo masa allon kwamfuta. Wani farin gajimare ne a murɗe, da ɗan rami a tsakiyarsa, yana juyawa a hankali a kan ruwan kudu. Kyaftin ya sha ganin irinsa a talabijin idan tasu ta taso, amma a wannan ya ga wani abu da bai taɓa gani ba.

"Wannan ai a baibai take juyawa."

"Haka nasu suke juyawa."

Ya zauna da sanda a tsakanin ƙafafunsa. Shi da ya yi rayuwarsa yana koya wa mutane teku, ashe kifin rijiya ne, ya auna duniya da ɗan ruwan da ke tsakanin kasuwa da tsibiri. Kunya ta kama shi, amma kunyar ba ta kai tsoron ba. Abin da ya fi cin ransa shi ne lissafin da ya faɗo masa tun kafin ya sauka daga matakalar: yaron nan yana barin guguwar can ya zo ya tarar da ta nan, yana kwance igiyar nan ya koma ya tarar da ta can. Tun da ya fara aiki bai taɓa samun rabin shekara mai kwanciyar ruwa ba, kuma ubansa ne ya tsara masa haka.

A gida ya tarar Inna ta riga ta ji. Tana zaune a bakin gado, hannu a kan cinya, ba ta kuka. Ya zauna nesa da ita kaɗan, kamar baƙo.

Ya ce, "Ke ma kin sani?"

"Ban san zancen kudu da arewa ba. Na dai san yana dawowa a rame, yana firgita in ƙofa ta bugu da ƙarfi."

"Ni kuwa ina nan ina minshari."

"Kai ne kake da watan hutu, Kyaftin. Ni tun ranar da ya fara hawa jirgi ban kwance tawa igiyar ba."

Ba ta faɗa don ta soke shi ba, amma ta soke shi.

Kwanakin da suka biyo baya ba ya iya zama a gida, ba ya kuma iya zuwa teburin mai shayi. Yakan tafi katangar tasha ya zauna yana kallon teku. Ruwan a shimfiɗe yake, shuɗi, yara suna wanka a gefe, masunta suna fita suna waƙa. A da wannan kwanciyar ita ce abin alfaharinsa, kamar shi ya kwantar da shi. Yanzu haushinsa yake ji. Ya koma doguwar addu'arsa ta watannin guguwa, ya ninka ta, kamar mai ramuwar sallolin da ya yi barci suka wuce shi. Matar Auta ta mayar wa masu ɗinki kayansu. Kamfanin kullum maganarsu ɗaya, ana nema, a yi haƙuri.

Wata la'asar, yana tsakar gida yana duban igiyoyin da ya jawo daga ɗakin ajiya ba tare da ya san dalili ba, wayar surukarsa ta yi ƙara. Ta ɗauka, ta saurara, ta durƙushe a inda take tana ambaton Allah. Inna ta fito da gudu irin na tsofaffi. Sai da matan biyu suka gama kuka a cikin wayar sannan aka miƙo masa.

"Baba."

Muryar ta dishe, amma ta Auta ce.

Auta ya ce sun shiga wata tasha da safe, wani jirgi ne ya jawo su. Igiyar ruwa ta fasa ɗakin tuƙi, ta kashe musu duk na'urorin magana, injin ma ya tsaya. Shi hannunsa ne ya karye, an ɗaure. Sannan ya ce abokin kwanansa, wanda suke ɗaki ɗaya, ruwa ya tafi da shi, ba a gan shi ba.

"Allah ya jiƙansa," in ji Kyaftin. "Na je ofishin yanayi. An nuna min ƙwallon."

Ya ƙara manna wayar a kunne, ya ci gaba.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Na so in faɗa, Baba, ranar farko. Ka ce ko na hau rimi ba zan hango ba."

"Da ka sake faɗa."

"Da na sake faɗa, da ka hau tsanin."

Gaskiya ce, kuma Kyaftin ya san gaskiya ce. Ya dubi igiyoyin da ke zube a gabansa, ya dubi rufin. Yana son yaron nan a gida a watannin nan fiye da yadda ya taɓa faɗa wa kowa. Ba don ƙulli kaɗai ba. Idan iska ta fara kuka a jikin kwano, jin motsin ɗansa a ɗakin baya shi ne abin da yake riƙe da zuciyarsa. Ya san abin da zai faɗa yanzu zai raba shi da wannan, ƙila har ƙarshen ransa.

Ya ce, "Ka dawo ka yi jinya. In hannun ya warke, ka gaya wa kamfanin su juya maka hutu. Daga yanzu kana gida lokacin guguwar can, kana ruwa lokacin tamu."

"To rufin fa?"

"Rufin nawa ne."

"Baba, gwiwarka."

"Ba zan hau ba. Na yi maka alkawari, ga uwarka nan shaida."

"To wa zai ɗaura?"

Kyaftin ya dubi katangar maƙwabcinsa, ya ja dogon numfashi kamar wanda za a cire wa haƙori. Ya ce, "Akwai mutane a layin."

Auta ya dawo da hannu a rataye, ya yi jinyarsa a watannin da teku yake kwance. Karo na farko uban ya gan shi yana barcin rana ba tare da kunnensa yana kan rediyo yana jiran labarin guguwa ba. Kafin Yuni ya kama ya ɗauki jakarsa ya tafi. A bakin ƙofa ya ɗaga kai ya dubi rufin da ba igiya ko ɗaya a kansa, Kyaftin ya daka masa tsawa ya ce mota ba za ta jira shi ba.

Kafinta ne ya hau. Bai yi gori ba, mutumin kirki ne, ya dai yi murmushi lokacin da Kyaftin ya shigo gidansa da sallama har sau biyu kafin ya iya faɗin abin da ya kawo shi. Ya jefa igiyoyin, ya ja, ya ƙulla irin ƙullinsa. Kyaftin yana kujerar roba yana kallo, yana danne gyaran da ke bakinsa, Inna tana tsaye a bayansa da hannu a kafaɗarsa. Da aka gama Kyaftin ya ce, "Allah ya saka da alheri, ya yi kyau." Da Kafinta ya fita ya bi ƙarafan ɗaya bayan ɗaya a durƙushe, ya ƙara wa kowane ƙulli nasa a kai.

A watan Satumba aka ɗaga jar tuta a tasha. Tun da hantsi iska ta ɗauke, zafi ya danne gari, tsuntsaye suka ɓace. Zuwa azahar sama ta gabas ta yi baƙi ƙirin, mutane suna ta gudu da jarkokin ruwa da kyandir, ana kiran yara da sunayensu. Matar Auta ta shigar da kekenta ɗaki ta rufe shi da leda. Kyaftin ya tsaya a baranda ya ƙi shiga, iskar farko tana kaɗa masa riga, igiyoyin suna kuka a kan kwano. Ɗakin baya a rufe yake, ba kowa a ciki. Yana jin tsoro, don wannan babba ce, kuma ƙullin ba na Auta ba ne. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani sanyi da bai taɓa ji ba a ranar jar tuta.

Inna ta fito ta kama hannunsa za ta ja shi ciki. Ta dubi baƙin da ke tahowa, ta ce a hankali, "Can fa, yanzu?"

"Can ruwa kwance yake."

"Ka tabbata?"

"Na je na tambaya jiya."

Ɗigon farko ya bugi kwanon da ƙarfi. Kyaftin ya ɗaga kai ya dubi guguwar da ya yi rayuwarsa yana tsine mata, ya ce mata ta zo, nan ne gidan. Sannan ya bi matarsa ciki, suka sa sakata.